Tsoron Tukunya



Da yawanku, idan kun kammala, za a tura ku aiki garin da babu inna, babu yaya, sai ku da tukunya ɗaya. Haka ta faru da ni. Tuwon masarar da na fara tuƙawa gudaji ne zalla. Sai da dare ya raba na lallaɓa na zubar, don kada matan gidan da nake haya su gani. Wata biyu albashina yana ƙarewa a teburin mai shayi, kunya ta hana ni tambaya.

Ranar da na daure na tambayi wata dattijuwa, ko dariya ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, da ruwan sanyi ake dama talge. Ka bar shi ya dahu tukuna, sannan ka riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan, muciya tana aiki." Sirrin ke nan duka!

Saboda haka ku zaɓi abinci ɗaya, ku yi ta maimaita shi har hannu ya saba, kafin ku taɓa wani. Tuwona na bakwai na aika mata. Kwanon ya dawo a wanke, da saƙon cewa miyar kukar ta so daddawa.