Ɗan Sanda da Ɓarawo a Akwatin Talabijin: Ina Matsayin Malami?



An ba mu dama mu tofa albarkacin bakinmu a kan wasannin kwaikwayo na ƙasashen waje masu ɗauke da labaran aikata laifi, waɗanda suka zama abin hirar ɗalibanmu a nan Hayin Banki, musamman lokacin tara. A da, harshe ne ya yi mana katanga: yaro ya kalli fim ɗin Indiya, iyakarsa ya ji waƙa ya ga dambe. Yanzu masu fassara irin su Algaita sun sa jaruman Indiya suna magana da Hausa, saboda haka ɗan aji uku yana fahimtar yadda aka ƙulla makirci tun daga tushe.

Ra'ayinmu shi ne kada mu yi wa waɗannan wasanni kuɗin goro. Akwai irin su CID na Indiya, wanda tashar Sony ta fara nunawa a 1998, inda jami'an bincike ke bin sawu, su tara hujja, su gano mai laifi. Akwai kuma irin su La Casa de Papel na ƙasar Sifen, wanda ya fito a 2017, inda 'yan fashi suka mamaye gidan buga kuɗi, suka yi garkuwa da mutane har da ɗalibai, amma aka tsara labarin yadda mai kallo zai riƙa yi musu fatan nasara. Na farko yana koya wa yaro tambaya da nazari. Na biyu yana sa shi ganin ɓarawo a matsayin gwarzo.

Wannan bambanci ya fi nauyi a wurinmu mutanen Kaduna. A watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, kusa da Mando. A watan Maris na 2024 kuma aka kwashe yara sama da ɗari daga makarantar Kuriga. Yaranmu sun ji waɗannan labarai a gidajensu, don haka bai kamata da dare su ga ana yi wa mai garkuwa da mutane kirari ba.

Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da ƙwacen waya a fina-finan Hausa a 2021, sai dai hannunta bai kai ga tauraron ɗan'adam da wayoyin hannu ba. Nauyin ya dawo kan iyaye da malamai.

Muna ba da shawara uku. Da farko, mu tambayi ɗalibanmu abin da suke kallo ba tare da tsawa ba, domin wanda aka tsorata ɓoyewa zai yi. Na biyu, mu ari dabarar mai bincike mu shigar da ita darasin karatu da lissafi, mu saba musu da tambayar nan: mece ce hujjarka? Na uku, mu kai maganar taron iyaye da malamai, mu roƙe su su riƙa zama da yaran lokacin kallo, su kuma kashe akwatin idan dare ya yi, domin mun gaji da masu gyangyaɗi a darasin farko.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.