Ƙarancin Iskar Oksijin: Illarsa ga Ƙwaƙwalwa, Zuciya da Sauran Jiki

An nemi in yi bayani a kan abin da ke samun ɗan Adam idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a jikinsa.

Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce. Daga huhu take ratsawa cikin jini, sinadarin himoglobin na jajayen ƙwayoyin jini ya ɗauke ta, zuciya ta harba ta ko'ina. Jiki yana ajiye kitse da sukari, amma ba shi da rumbun oksijin. Abin da aka shaƙa yanzu, shi ake amfani da shi yanzu.

Ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗinsa. Idan jini ya daina isa gare ta, cikin daƙiƙu kaɗan mutum ya suma, bayan minti 4 zuwa 6 kuma ƙwayoyinta sun fara mutuwa, wadda ta mutu ba ta dawowa. Idan a hankali iskar ke raguwa, sai ciwon kai, jiri, kasala da ruɗewa. Haɗarin shi ne, gaɓar da za ta ce wa mutum "tashi ka fita" ita ce ta fara gajiyawa. Irin wannan illa ga ƙwaƙwalwa takan sami jaririn da aka haifa bayan doguwar naƙuda bai yi kuka ba. In ba a taimaka masa ya yi numfashi nan take ba, sai watanni su wuce a ga bai riƙe wuya ba, bai zauna ba, ko farfaɗiya ta biyo baya. Sau da yawa a ce shafar aljanu ce, alhali asalin abin 'yan mintocin haihuwa ne.

Ita kuwa zuciya, ƙara sauri take yi don ta cike giɓin, saurin kuma ya ƙara mata buƙatar iskar da babu. Daga nan bugunta ya rikice, ƙirji ya yi ciwo, wani lokaci ta tsaya cak. Idan ƙarancin ya daɗe, hanyoyin jini na huhu sukan tsuke, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta kokawa har ya gaji, ƙafafu su kumbura. Ƙoda kuma ta sa a ƙara jajayen ƙwayoyin jini, jinin ya yi kauri. Gano yadda ƙwayoyin jiki ke gane raguwar oksijin ne ya sa William Kaelin, Peter Ratcliffe da Gregg Semenza suka sami kyautar Nobel a 2019. Mai minsharin da numfashinsa ke yankewa cikin barci, shi ma oksijin ɗinsa na raguwa, ya je a duba shi, domin hawan jini da shanyewar ɓarin jiki na iya biyo baya.

Bari mu shiga cikin gida. Lokacin hunturu akan hura gawayi a kasko, a shigar da shi ɗaki, a toshe taga da tsumma, a kwanta. Wani kuma ya tayar da janareta a zaure don gudun ɓarayi. Dukansu suna fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana manne wa himoglobin fiye da oksijin sau 200. Da safe a tarar da iyali ba rai, a hau zargin abincin dare.

Ciwon huhu kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 700,000 a 2019. Iyaye mata, ku ɗaga rigar yaro mai tari ku dubi ƙirjinsa. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi, hancinsa na buɗewa, ya kasa kama nono, to asibiti nan take. Ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi 50 a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke yin 40, yana cikin haɗari. Mai sikila ma a kula: ƙarancin oksijin na lanƙwasa ƙwayoyin jininsa su toshe hanya, ciwo ya tashi.

Ido ba ya auna oksijin, musamman a baƙar fata irin tamu, inda sai an duba harshe da leɓe. Akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, wadda injiniya Takuo Aoyagi na Japan ya ƙirƙiro: 95 zuwa 100 lafiya lau, ƙasa da 90 gaggawa ce. Sai dai gubar janareta na yaudarar ta, don haka a faɗa wa likita abin da ya faru.

Saura magana ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da yawanmu in aka ce za a sa wa ɗan'uwa oksijin, sai mu ƙi, wai alamar mutuwa ce. Wanda muka gani ya rasu da roba a hanci, sau da yawa jinkirin kai shi asibiti ne ya kashe shi. Oksijin magani ce, kuma a 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya nemi ƙasashe su wadata asibitocinsu da ita.

Don haka ina kira ga hukumomi su sa oksijin da na'urar aunata a kowane ƙaramin asibiti. Limamai su faɗakar kafin sanyi ya kankama. Magidanta su fitar da janareta fili, nesa da taga, kada a kwana da garwashi a ɗaki. Mai naƙuda a kai ta wurin ƙwararriyar ungozoma da wuri. Idan likita ya ce a sa oksijin, a amince.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.