Jawabi ga malamai da almajirai na Argungu bisa taimakon talaka ya rabu da taba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, ku sani malaman da suka gabata sun saɓa bisa hukuncin taba. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta risala cikin 1607, ya halatta ta domin ba ta gusar da hankali. Shehu Ahmadu Tijjani kuwa ya hana ta ga almajiransa. Sa'an nan cikin 1950 masu bincike biyu na Ingila, Doll da Hill, suka bayyana alaƙar sigari da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutanen da taba ke kashewa kowace shekara sun wuce miliyan 7. To, cuta ta tabbata, kuma gusar da cuta wajibi ne.

Amma wa ya fi kamuwa? Masunci da ke kwana cikin sanyin Matan Fada, da ɗan ƙodago cikin fadamar shinkafa, da ɗan kabu-kabu, da tsohuwa mai taba gari da kanwa. Talaka shina sayen kara ɗaya ɗaya, bai ganin abin da ke fita aljihunsa, alhali dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da ita kara kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Mu malamai mun iya tsawa, sai mai taba ya ji kunya, ya koma bayan katanga ya kunna. Ku gane, cikin ganyen nan akwai wani dafi, sunansa nikotin, wanda ke kai ga ƙwaƙwalwa kamin mutum ya gama karanta Fatiha, har jiki ya saba. Ranar da ya bari sai fushi da rashin barci da ƙawa mai tsanani su taso. Wahalar ta fi ƙarfi cikin makon farko, tana sauƙi kamin wata ya cika, kuma kowace ƙawa 'yan mintoci ce ta wuce. Wanda ke cikin wanga hali majinyaci ne, haƙƙinsa bisanmu shi ne mu kai shi wurin magani.

Ga hanya. Ka kira shi a keɓe, kada gaban jama'a. Ka tuna masa cikin Ramadan shina wuni tun alfijir har faɗuwar rana bai sha ba. Sa'an nan ka sa babban almajiri ya raka shi ƙaramin asibitin unguwa, domin talaka shina tsoron ƙofar asibiti idan shi kaɗai ne. Ya gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya: kara nawa a yini, tun yaushe. Su yanke ranar bari tare. Hukumar da na ambata ta fitar da jagora cikin 2024, cewa nasihar ma'aikaci, ko ta minti 3 ce, tana da amfani, kuma akwai magunguna masu rage ƙawa, na taunawa da na liƙawa ga fata da ƙwayoyi. Ya tambayi likita, kada ya saya hannun masu talla.

Idan tarinsa ya kai mako 2, ko shina ramewa, ko shina tofar da jini, ya nemi a gwada kakinsa, domin taba tana buɗe ƙofa ga tarin fuka, kuma maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. In abin ya fi ƙarfin unguwa, a rubuta masa takarda zuwa Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Kuɗin mota kuwa, ku tara masa bayan sallar Juma'a.

Wanda ya bari ya koma, kada ku yi masa gori. Da yawa sai sun gwada sau da dama kamin su rabu da ita. Ku sake raka shi. Malami mai shan ta a ɓoye kuwa, shi ya fi cancanta ya fara zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu zama sanadi. Wassalamu.