Kwalba da Takardar Kuɗi a Gaban Mulkin Soja



Mun saba ɗaukar mai zane tamkar mai ƙawata bango kawai. To, mu dubi Birazil, inda soja suka ƙwace mulki a 1964. A 1970 wani matashi mai fasaha, Cildo Meireles, ya riƙa buga saƙon korar Amurkawa da farin rubutu a jikin kwalaben Coca-Cola, ya mayar wa kamfani. Da an cika kwalbar da baƙin lemo, sai rubutun ya fito sarai, kamfanin ya raba wa jama'a da hannunsa.

Aikin da ya fi jan hankalinmu shi ne wanda ya biyo bayan mutuwar ɗan jarida Vladimir Herzog a hannun soja a 1975. Hukuma ta ce rataye kansa ya yi. Meireles ya samo hatimi, ya dinga buga tambaya guda a kan takardun kuɗi: wa ya kashe Herzog? Rufe jarida abu ne mai sauƙi, amma wace gwamnati ce za ta tsare kuɗinta? Talaka kuwa ba ya yaga kuɗin cefane, dole ya miƙa gaba. Sai a 2013 iyalan Herzog suka karɓi gyararriyar takardar shaidar mutuwarsa, wadda ta ambaci raunukan da aka ji masa a tsare.