Sanin Asalin Doka Kafin a Kafa Hujja da Ita

Mai girma shugaban reshe, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, ina godiya da wannan dama da kuka ba ni.

Abin da ya tsayar da ni gabanku tambaya ce da wata yarinya 'yar aji shida ta yi mini. Ta ce, "Malam, gidanmu a Kura yake, kakata kuwa tana Bunkure. Sarkinmu ɗaya ne?" Har na buɗe baki zan amsa daga tsohon littafin darasina, sai na kame, na ce ta ba ni lokaci. Ga abin da binciken ya nuna mini.

A watan Mayun 2019 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta yi dokar da ta ƙara masarautu huɗu: Bichi, Gaya, Ƙaraye da Rano. Kura da Bunkure duka suka faɗa ƙarƙashin Rano. A watan Nuwamba na wannan shekara Babbar Kotun Jiha ta soke dokar, saboda ba a bi ƙa'ida ba wajen yin ta. Majalisa ta sake zama, a watan Disamba Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a kan sabuwa. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta shafe ta. A watan Yulin 2024 kuma aka yi wata, wadda ta kafa Rano, Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu. A cikinta Rano ta ƙunshi Rano, Kibiya da Bunkure, babu Kura.

Ban zo shiga taƙaddamar sarauta ba, wannan ta fi ƙarfina. Abin lura shi ne, cikin shekara biyar an yi doka huɗu a kan magana ɗaya. Wanda ya riƙe kwafi guda ya tsaya a kansa, ƙarya zai koya wa yara alhali yana zaton gaskiya ce.

To, yaya ake bin sawun doka? Da farko a samo cikakken sunanta da shekararta, a nemi matanin da aka buga a gazet ɗin gwamnati, kada a dogara da abin da ake turawa ta waya. Na biyu, a bi tafiyarta a majalisa: karatu na farko, karatu na biyu inda ake muhawara, aikin kwamiti, karatu na uku, sannan sa hannun gwamna. Ofishin Akawun Majalisa ne ke riƙe da bayanan zama, a can ake gane abin da aka so cimma da abin da aka cire. Na uku, a tambaya ko an yi mata gyara, ko an shafe ta, ko kotu ta ce wani abu a kanta.

'Yan'uwa, wannan aiki ya shafi tukunyarmu. Dokar Fansho da Garatuti ta Jihar Kano ta 2006 ce ta sa ake yankar wani kaso na albashinmu kowane wata. Mu nawa muka taɓa karanta ta? A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar ritayar malamai a shekara 65 ko bayan aikin shekara 40. Kafin malami ya ɗora lissafin rayuwarsa a kanta, wajibi ne ya ga abin da jiharsa ta zartar a rubuce.

Saboda haka ina roƙon reshe ya naɗa mutum uku su tattaro dokokin da suka shafe mu, kowace da gyare-gyarenta, a ajiye a ofishinmu. Idan muka je neman haƙƙi, mu je da sashe da shekara a hannu.

Yarinyar nan kuwa na ba ta amsarta, na kuma rubuta mata ranar kowace doka a allo.

Allah Ya sa mu gama aiki lafiya. Wassalamu alaikum.