Jawabi ga Ikilisiyoyin Watari: Asibiti Ya Kamaci Mai Taɓin Hankali

Idan ciwon taɓin hankali ya tashi wa mutum a ƙauyukanmu, 'yan banga ake fara kira, sau da yawa kuma a ƙare da ɗaure shi da sarƙa. Alhali asibitin Dawanau bai yi mana nisa ba, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta kare mutuncinsa.

A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka, dattawan ikilisiya, ku je wurin kansilolinku a Bagwai, ku roƙi a ware kuɗin horar da 'yan banga da na motar kai marasa lafiya asibiti. Ubangiji ya taimake mu, amin.