JAWABI KAN SHAIDAR IDO A SHARI'AR FASHI DA MAKAMI



Kun san halin da ake ciki a kan hanyoyinmu, daga Ƙonni zuwa Tsarnawa da Malbaza, da kuma wajen Illela. Ƴan fashi kan tare mutum da dare, bisa babur, fuska naɗe da rawani. In gari ya waye jandarmomi su kama wani, a kira wanda aka yi wa fashi a ce: shi ne? Kalma guda da zai faɗa tana iya kai mutum gidan kaso shekaru da yawa.

Mun saba cewa gani ya kori ji. Amma magabata sun kuma ce kama da wane ba wane ba ne. Wanda aka ɗora wa bindiga, idonsa yana kan bindigar, ba kan fuska ba. Ga duhu, ga tsoro. Yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya, ba ƙarya yake ba, kuma ya yi kuskure.

Ga misali daga Ingila. A 1975 aka ɗaure George Davis shekara 20 saboda fashi da makami, bisa shaidar waɗanda suka ce sun gane shi. A 1976 aka sake shi don shakkar shaidar, a 2011 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Mutumin ba salihi ba ne, domin daga baya ya amsa laifin wani fashin dabam. Duk da haka mugun suna bai gyara shaida mai rauni ba.

A 1976 ɗin, cikin shari'ar Turnbull, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta jera tambayoyin da ya kamata alƙali ya yi. Tsawon wane lokaci mai shaida ya ga mutumin? Daga wace tazara? Da wane haske? Wani abu ya tare masa gani? Ya san shi tun da? Kwana nawa tsakanin fashin da ranar da ya nuna shi? Kamannin da ya faɗa da farko sun dace da wanda aka kama?

Irin waɗannan tambayoyi lauya zai tayar in shari'a ta tashi daga kotun Ƙonni zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Tawa. Saboda haka ga roƙona guda huɗu.

1. In an yi maka fashi, ka je wurin jandarmomi da wuri, ka faɗi kamannin mutumin kafin ka ji zancen kasuwa.

2. Kada shaidu su haɗu su daidaita baki.

3. In an nuna maka mutum guda, ko hotonsa cikin waya, kada ka ce shi ne don kunyar hukuma. Ba laifi ba ne ka ce ba ka tabbata ba.

4. In an ɗaure naku bisa shaidar ido kaɗai, ku nemi lauya nan da nan, domin kwanakin ɗaukaka ƙara ƙidayayyu ne.

Ku tuna, duk ranar da aka ɗaure marar laifi, ɓarawon gaskiya yana nan waje da bindigarsa, kuma hanyar da muke bi zuwa kasuwar Laraba ita zai sake tarewa.

Allah Ya tsare mu.